Tukunyar gas a ɗakin haya: amsa ga mai jego da ke ɗumama ɗaki da wutar girki

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Jos, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune da mijina a ciki da falo a wani gidan haya, mu iyali shida ne a gidan, kuma kicin ɗaya muke haɗawa. Tun ranar da muka tare Alhaji mai gidan ya ce bai yarda kowa ya shigo da tukunyar gas ba, sai dai risho ko gawayi. Da na haihu wata guda da ya wuce, mijina ya sayo tukunya mai kilo 12.5 a ɓoye, muka ajiye ta a bayan ƙofar uwar ɗaki, nake girki a falo ƙofa a rufe don kada maƙwabta su gani. Yanzu da hunturu ya tsananta, nakan kunna kan gas ɗin da dare in bar shi yana ci kaɗan-kaɗan don ɗakin ya yi wa jariri ɗumi. Kwanakin nan ina tashi da ciwon kai da jiri, na sha maganin zazzaɓin cizon sauro amma bai daina ba. Surukata ta ce in koma kaskon gawayi kamar yadda suka yi a zamaninsu. Shin Alhaji yana da ikon hana mu? Kuma wanne ya fi, gas ko gawayi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da arziki, Allah Ya raya mana, Ya ba ki lafiyar shayarwa. Tambayoyi biyu kika yi, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne wanda kika ambata a tsakiya kamar ba komai ba, wato ciwon kan da jirin da kike tashi da su. Da shi zan fara, domin maganar Alhaji tana iya jiran mako guda, wannan kuwa ba ta jiran ko da dare ɗaya.

Daga daren yau kada ki ƙara barin wutar gas tana ci a ɗakin da kuke kwana, ko da kuwa an rage ta har da ƙyar ake ganinta. Duk wutar da ke ci tana cinye iskar da muke shaƙa, kuma kilo ɗaya na gas yana bukatar iskar da ta kusa rabin wadda ke cikin ɗaki mai mita 3 a tsawo da faɗi da tsayi kafin ya ƙone sarai. Idan ƙofa da taga a rufe suke, iskar takan ragu, wutar ta kasa ƙona gas ɗin yadda ya kamata, sai ta fara fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye irin na hayaƙin itace, don haka ba abin da zai farkar da mai barci. Tana shiga jini ta kama sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki, kuma riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ɗin ƙarfi fiye da sau 200. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda a ƙasarmu kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya nufi kantin magani, kamar dai yadda kika yi. Ki lura ko ciwon yana sauƙi idan kika fita tsakar gida kika sha iska, ki kuma tambayi mijinki ko shi ma yana tashi da nauyin kai, domin idan mutum biyu da ke kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwo iri ɗaya, ɗakin ya kamata a fara tuhuma.

Jaririn da kike wa wannan ɗawainiya shi ya fi kowa shiga haɗari, saboda yana numfashi da sauri fiye da babba, jikinsa ƙarami ne, kuma ba shi da bakin da zai ce kansa yana ciwo. Idan kika ga yana barcin da ya wuce ƙima, ko yana ƙin kama nono, ko jikinsa ya saki, ko yana amai, kada ki jira gari ya waye. Ko ma ba ki ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ku je asibiti ke da shi, kuma ki faɗa wa likita gaskiya cewa kuna kwana da wutar gas a rufaffen ɗaki, domin ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini ba ya bambanta oksijin da wannan guba, yana iya nuna komai lafiya alhali ba haka ba ne. Ki kuma roƙi a auna miki hawan jini. Ciwon kai ga macen da ba ta cika makonni shida da haihuwa ba yana iya zama alamar hawan jinin da ke biyo bayan haihuwa, wanda kan kai ga jijjiga, kuma ba ni da ikon raba miki waɗannan biyun daga kan takarda.

Akwai haɗari na biyu a cikin abin da kike yi, kuma ya bambanta da na farko. Wutar da aka rage ƙwarai ita ta fi saurin mutuwa, ko iskar da ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta isa ta kashe ta, kuma galibin kan gas mai sauƙin kuɗi da ake sayarwa a kasuwanninmu ba shi da abin da ke tsayar da gas idan wutar ta mutu. Zai ci gaba da fita kuna barci. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya fice ta taga, sai dai ya malala ƙasa kamar ruwa ya kwanta a ƙarƙashin gado da kujeru da kan tabarma, daidai inda mai jego da jaririnta kan shimfiɗa katifa. A cikin tukunya ruwa ne, amma lita ɗaya idan ta fito tana zama kusan lita 250 na iska, kuma kashi 2 cikin 100 kawai ake bukata a iskar ɗaki ya kama da wuta. Kilo ɗaya da 'yan kai daga cikin sha biyu da rabin nan naku ya isa ya cika ƙaramin ɗaki zuwa wannan ma'auni. Daga nan abin da ya rage shi ne tartsatsi, kuma ba sai an ƙyasta ashana ba: a kawo wutar lantarki cikin dare firji ya tashi, ko ki laluba makunnin fitila don ki shayar da jariri. Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta tana ci a gida lokacin barci, kuma wutar gas ba ta fita daga wannan hani ba don kawai ba ta hayaƙi.

Game da shawarar surukarki, ki karɓe ta da ladabi amma kada ki yi aiki da ita, domin barin gas a koma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki gudun gara ne a faɗa gidan zago. Garwashi ya fi wutar gas fitar da wannan iska mai guba nesa ba kusa ba, kuma yana ci gaba da fitar da ita bayan hayaƙi ya ɗauke, lokacin da mutane suke ɗauka ya zama lafiyayye a shiga da shi ɗaki. Ba ƙarya ta yi ba da ta ce haka suka yi a zamaninsu. Sai dai ɗakunan da suka yi jego a ciki na ƙasa ne ko na jinka, da asabari a ƙofa da kafofin da iska ke ratsawa ta ko'ina, naki kuwa bulo ne da siminti da silin da tagar gilashi, kuma na tabbata kin toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma saboda sanyi. Mijinki ne ya dace ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani, kuma ya fi kyau ya ce mata likita ne ya hana, bayan kun je asibitin, don kada maganar ta zama kamar suruka ce ke gyara wa uwar miji.

Na san sanyin Jos ba abin wasa ba ne. Gari ne da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu asubahinsa kan sa babba ma ya kasa taɓa ruwa. Amma jiki ake ɗumamawa kafin a yi maganar ɗaki. Ki sa wa jaririn hula da safa da riguna biyu ko uku marasa nauyi a kan juna, ki raba shimfiɗarsa da sanyin siminti da bango, kuma idan kina zaune a farke ki ɗora shi a ƙirjinki fata da fata ki lulluɓe ku tare, wanda shi ne abin da asibitoci ke koya wa iyayen bakwaini domin yana riƙe ɗumin jariri sosai. Za ki iya ɗumama shimfiɗar da gorar ruwan zafi da aka naɗe da zane, amma ki cire ta kafin ki kwantar da shi, kuma kada bargo ya rufe masa fuska. Ki mayar da wankansa zuwa hantsi idan rana ta ɗaga. Labule mai kauri a taga yana rage sanyi ba tare da ya toshe iska gaba ɗaya ba. Abin ɗumama ɗaki na lantarki ba ya fitar da guba, sai dai yana jan wuta da yawa, wayoyin tsofaffin gidajen haya ba duka ke iya ɗaukarsa ba, kuma a gidan da ake haɗa mita ɗaya zai jawo miki wata sabuwar rigima, don haka kada ki saya sai an duba wayar kuma an yi magana.

Yanzu sai maganar Alhaji. Amsar a taƙaice ita ce, idan ya gindaya wannan sharaɗi tun kafin ku biya kuɗi ku tare, kuma kuka amince, to ya hau kanku, ko a rubuce yake ko da baki aka yi a gaban shaidu. Gidansa ne, kuma ba ɗakinku kaɗai yake tunani ba, akwai iyali biyar da ke kwana a ƙarƙashin kwano ɗaya da ku. Ku duba takardar yarjejeniya ko rasit ɗin da aka ba ku don ku san ainihin abin da aka rubuta, amma ba na ba ku shawarar ku nemi kafa a ciki ku yi jayayya. Tsoronsa yana da tushe. Mutane da yawa a Arewa ba su manta da fashewar da aka yi a wani shagon sayar da gas a Sabon Tasha da ke Kaduna ba a watan Janairun 2020, wadda ta yi sanadin rasuwar mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a lokacin. Wancan shago ne da ake ɗura gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar jama'a, ba kicin ɗin magidanci ba, kuma bambancin yana da girma, amma mai gida da ya ga irin waɗannan hotuna ba za a zarge shi ba idan ya ce ba ya so.

Duk da haka, a ganina hanin da ya yi bai kawo tsaron da yake nema ba, kuma ɗakinku shi ne shaida. Gas a wurin da iska ke ratsawa, da kayan haɗi masu kyau, ya fi risho da gawayi tsabta ga huhun mai girki, kuma kananzir ɗin da aka gauraya da fetur ya ƙona gidaje da yawa a ƙasar nan. Abin da hanin ya haifar shi ne tukunya a bayan ƙofar uwar ɗaki da girki ƙofa a rufe, wato mafi munin yanayin da za a iya ajiye gas a ciki. Ɓoyewar ce ta sa ba kya buɗe taga, ita ce ta sa ba za ki iya kiran wanda ya san aikin ya duba muku ba, kuma idan, Allah Ya kiyaye, wuta ta tashi a ɗakin wani, maƙwabtan da za su ruga taimako ba su san akwai tukunya a bayan bangon ba. Wannan na ƙarshen haƙƙi ne a wuyanku, kuma shi ya sa nake ganin ba ku da zaɓin ci gaba da ɓoyewa.

Mijinki ya je ya sami Alhaji da kansa, tare da wani dattijo da Alhajin ke jin nauyinsa, ko dillalin da ya haɗa ku, ko limamin unguwa. Ya fara da ba da haƙuri a kan saɓa sharaɗi, ya faɗi dalilin da ya sa, wato jego da wahalar hura gawayi cikin dare, sannan ya zo da tsari a hannu maimakon roƙo kawai. Tsarin shi ne a ƙera keji na ƙarfe mai kwaɗo a waje, a inuwa, a kuɗinku, inda tukunyar za ta zauna a tsaye a kan daɓe, nesa da janareta da murhun maƙwabta, kuma nesa da bakin kwata ko ramin masai ko rijiya inda gas da ya tsiyaye zai iya taruwa. Kejin yana maganin sata, wadda na san ita ce take hana 'yan haya barin kaya a kicin ɗin haɗaka, yana kuma hana yara taɓawa. Idan za a huda bango a shigar da bututu, wannan ma sai da izininsa, kuma mai sana'ar ne zai yi. Ku ƙara da alkawarin sayen tukunyar kashe gobara mai hoda a rataye a inda kowa zai gani, kuma ku ce masa kun yarda ya kira jami'an kashe gobara ko duk wanda ya amince da shi ya duba. Abin da aka cimma a rubuta a bayan takardar haya, kowa ya sa hannu. Ba mamaki ku tarar akwai wasu a gidan da su ma suke ɓoye tasu, amma wannan ba hujjar da za ku je da ita ba ce, kada ku tona kowa.

Kafin a yi wannan zama, tukunyar ta bar uwar ɗaki yau. Ku rufe ta daga kanta, ku cire regileta, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunyar don daidaita fitar gas, mijinki ya kai ta wurin ɗan'uwa ko abokin da ke da fili mai iska, a ɗauke ta a tsaye ba a kwance ba. Ruwan wankan jego kuwa a dafa shi a tsakar gida.

Idan Allah Ya sa ya amince, ga abin da nake so ki riƙe. Ku dubi jikin tukunyar, a wuyanta ko gindinta akwai shekarar da aka ƙera ta da nauyinta idan babu komai a ciki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sa shekara 15 a matsayin iyakar rayuwar tukunya, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5, kuma tunda a ɓoye aka sayo taku, ina shakkar an tsaya duba wannan, balle idan ta hannu ce da aka yi wa sabon fenti. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko aka taɓa yi mata walda, ba ta da gyara. Ku riƙa ɗuri a tashar gas mai lasisi da sikeli, kuma kada ku yi murna idan mai ɗuri ya ce ya cika muku har baki, domin da gangan ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na tukunya babu komai saboda ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi. Tiyon ya zama wanda aka yi don gas, gajere, an ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe ba da robar taya ko waya ba, kuma da zarar ya fara tsagewa ko ya bushe ya yi tauri, ko ɓera ya taɓa shi, a sauya. Duk lokacin da aka ɗura sabon gas, ki shafa ruwan sabulu a mahaɗar regileta da bakin tiyo, idan kumfa tana tasowa tana girma to yana tsiyaya. Ba a gwada tsiyaya da ashana, duk da cewa har yanzu akwai masu yi. Wutar lafiyayyen kan gas shuɗiya ce, idan ta koma rawaya ko tana baƙanta gindin tukunyar miya, to kafofin sun toshe ko iska ba ta isa, kuma irin wannan wutar ce ke fitar da gubar da na ambata. Ki yi girki taga a buɗe ko da ana sanyi, kuma idan kin gama ki rufe daga kan tukunya tukuna, sannan ki kashe kan gas ɗin. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan guba ta taru a ɗaki, idan kun samu da hali ku saya, amma ba lasisin kwana da wuta ba ce.

Warin da kike ji idan gas ya fita, da gangan aka zuba masa shi don a gane, domin asalinsa ba shi da wari. Ranar da kika ji shi da ƙarfi, kada ki kunna ko ki kashe wani makunni, kada ki kunna fanka da nufin ta kore shi, kada ki yi waya a cikin ɗakin. Ki rufe kan tukunya idan za ki iya kaiwa gare ta, ki buɗe ƙofa da tagogi, ki ɗauki jariri ki fita, ki gaya wa maƙwabta su kashe murhunsu, sannan daga waje ki kira 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa, wanda ya kamata lambarsa ta kasance a wayarki da ta mijinki tun yanzu.

Idan kuma Alhaji ya ce a'a bayan duk wannan, to ku bi maganarsa har kuɗin hayarku ya ƙare. Ki yi girkin gawayi a fili, ki dafa ruwan zafi tun da yamma ki cika fulas biyu don bukatar dare, ki nemi wata daga cikin matan gidan ko 'yan'uwanki ta kama miki har ki yi arba'in. A lokacin nan mijinki ya fara cigiyar wani gidan mai kicin na kansa da taga, kuma kafin ya biya ko sisi ya tambayi mai gidan a gaban dillali ko an yarda da gas, da inda za a ajiye tukunyar, a kuma rubuta amsar a takardar haya.